Na faɗi gaskiya a kan tsohon yarona, shin giba na yi?

Mai Dankali:
Assalamu alaikum jama'a. Kwana uku ke nan abin nan yana cina. Ina sayar da dankalin Turawa a kasuwar Farin Gada da ke Jos, daga Bokkos nake sarowa. Akwai yaron da ya shekara biyu a wajena, muka rabu a kan buhu huɗu da ya sayar ya ce mini wai ruɓewa suka yi. Ranar Talata Alhajin da ke maƙwabtaka da rumfata ya ce yana so ya ba shi kaya ya kai Abuja, me na sani a kansa? Na gaya masa batun buhunan. Da nan na tsaya da sauƙi. Ga shayi a hannu, ga mutum uku a kan benci, sai hira ta yi daɗi, na ɓarke da labarin yadda ubansa ya saki uwarsa, har da auren yayarsa da ya mutu. Kafin la'asar magana ta zaga kasuwa. Jiya ya wuce ni ko sallama babu, idonsa jawur. Ni dai ban yi masa ƙarya ba ko ɗaya.

Ɗalibi daga Gangare:
Wa alaikumus salam. Yaya, "ban yi ƙarya ba" ɗin nan ba ta fitar da kai. A hadisin Muslim, Annabi (SAW) ya ce giba ita ce ka ambaci ɗan'uwanka da abin da yake ƙi. Aka ce ko da abin yana tare da shi? Ya ce in yana tare da shi ka yi gibarsa, in babu kuma ka yi masa ƙazafi.

Amma batun buhunan daban ne, nasiha ce. Fatima bint Ƙais ta nemi shawarar Annabi kan masu neman aurenta, ya ce mata Mu'awiya ba shi da dukiya, Abu Jahm kuwa ba ya sauke sanda daga kafaɗarsa. Ka lura, iya abin da ya shafi auren ya faɗa, kuma ita ya faɗa wa. Alhaji dukiyarsa zai damƙa, yana da haƙƙin jin batun amana. Sakin uwar yaro fa, buhu nawa yake ɗauka zuwa Abuja?

Maman Biyu:
Malam, mutum ukun nan na benci su ma shawara suka nema? Abin da ya fi ba ni haushi yayarsa. Baiwar Allah tana ɗakinta ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, an ci namanta da shayi. Ka karanta aya ta 12 a Suratul Hujurat. Mu da muka ga rikicin 2001 da na 2008 a garin nan, mun san yadda "an ce" ke sa a rufe shagunan Terminus cikin minti goma.

Baba Tela:
Ku sassauta masa, ai da zuciyarsa ta mutu da bai tambaya ba. Ɗana, malamai sun yi saɓani kan ko dole a sanar da wanda aka yi gibarsa, don wani lokaci sanarwar ke ƙara ɓata zumunci. Naka ya riga ya ji, saboda haka ka je ka same shi. Kuma bencin da ka ɓata shi, nan za ka koma ka faɗi alherinsa. Shekara biyu ba a rasa ba.

Mai Dankali:
Na gode. Wallahi akwai. Lokacin da na kwanta zazzaɓi sati biyu, shi ya riƙe rumfar, ko naira ba ta yi ciwon kai ba. Ban gaya wa Alhaji wannan ba, sai yanzu ma na tuna. Na kira yaron sau biyu bai ɗaga ba. An ce da asuba yana wajen sauke kaya, gobe in Allah ya kai mu zan tare shi can kafin mutane su taru.