Tambaya kan ma'anar "curtail" da yadda ake amfani da ita

Ɗalibar jami'a:
Assalamu alaikum malamai. Ina yawan cin karo da kalmar "curtail" a jaridun Turanci, musamman idan ana maganar 'yancin 'yan jarida ko kuɗin da gwamnati ke kashewa. Shin ma'anarta ɗaya da "restrict"?

Malamin Turanci:
Wa'alaikumus salam. Suna kusa, amma akwai bambanci. "Curtail" tana nufin rage ko taƙaita abin da yake gudana tun farko, kamar shugaban da ya katse ziyararsa ya dawo gida kafin lokaci, alhali "restrict" shata iyaka ce da ba a yarda a ƙetare ba. Shi ya sa ake cewa "restricted to staff" a ƙofar da ma'aikata kaɗai ke shiga, amma ba a haɗa "curtail" da "to" a wannan ma'ana.

Mai fassara:
Malam ya yi daidai. Sai dai a kula, ba a "curtail" mutum, ikonsa ko 'yancinsa ake ragewa. A fassarar labarai nakan zaɓi "tauye" idan hakki ne, "rage" kuwa idan kuɗi ne.

Ɗalibar jami'a:
Na gode, Allah ya ƙara ilimi.