Sauke giyabos a ƙofar gida: dabara ce ko ganganci?

Mai Golf: Assalamu alaikum 'yan uwa. Maganata ba kowa za ta yi wa daɗi ba, amma ina kan bakana: duk mai ƙaramar mota da ya iya riƙon sifana zai iya sauke giyabos a ƙofar gidansa ya canja kuloci, ba sai ya kai gareji ba. Golf 3 nake ja tsakanin Zariya da Kaduna, mai injin 1.8. Kulocin ya fara sulɓi, in na taka totur a hawa sai inji ya yi ta kuka mota ba ta ja, ga ƙauri. Na riga na sayo faifan kuloci da madanninsa da boris ɗin da ke tura shi a kasuwar Panteka. Ranar Lahadi ni da ƙanena za mu sauke da yardar Allah. Wancan karon da na kai wani gareji, kwana motar ta yi ta yi, kuma da na karɓa noti biyu babu a jikin giyabos.

Oga Bakanike: Wa alaikumus salam. Ƙanena, tambaya biyu kafin komai. A kan me motar za ta zauna lokacin da kake ƙarƙashinta? Kuma me zai riƙe injin?

Mai Golf: Jak ɗina yana da kyau Oga, kuma akwai bulo a gida.

Oga Bakanike: To nan ne maganar take. Ban ce hannunka ba zai iya ba, ai mu ma ba da sifana aka haife mu ba. Amma jak na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba, kuma wanda ke zuwa da mota don canjin taya kaɗai aka yi shi. Bulon siminti kuwa ba ya gargaɗi, fashewa yake yi lokaci guda. Ka tuna giyabos ba ya fita da lallami, sai ka jijjiga shi ka murɗa, kuma duk jijjigar nan motar da ke samanka tana yin ta tare da kai. Na biyu, a motar da ke ja da tayoyin gaba, inji da giyabos a haɗe suke zaune a kan matasansu. Da ka kwance na ɓangaren giya, injin zai sunkuya ya ja tiyo da wayoyi. Dole a rataye shi da ƙarfe daga sama, ko a tokare shi da wani jak daga ƙasa, a sa katako tsakani don kada kwanon baƙin mai ya lotsa.

Direban Hiace: Oga, da girmanka, a garejin nawa ne ake da waɗannan ƙafafun ƙarfen? Ni dai abin da nake gani a bakin titi tsohon rim ne da kututture da yaro a kwance a ƙasa. In haka ne, me ya raba ƙofar gidansa da garejin?

Oga Bakanike: Gaskiya ka faɗa, kuma ba na kare masu yin hakan. Abin da ya raba su shi ne rami da mutane. In abu ya zame akwai hannun da zai tare.

Ɗan Maraɗi: Ni ina bayan Mai Golf. A nan wurinmu tsofaffin direbobi a daji suke sauke giya in ta kama, ba rami ba inuwa. Mai mota ya fi kowa tausayin motarsa. Shi zai wanke kowane noti, ya jera su a faranti yadda ya ciro su, ba zai yi sauri don wata mota na jira ba.

Direban Hiace: Amma ka bambance. Irin tawa da Hilux da baya suke ja: ka kwance farfela, wato sandar da ke kai juyi tayoyin baya, da sandar giya da kik, ka ja akwatin giyar baya. Nauyi ne matsalarsa. Golf kuwa sai ka cire shaf biyu na tayoyin gaba, wurin kuma a matse yake.

Oga Bakanike: Kuma kulocin Golf irin tasa ba kamar na sauran motoci yake ba, wannan nake so ya ji da kyau. A Corolla, misali, filawil, wato babban farantin ƙarfen bayan inji, shi ne a jikin kiranshaf, sandar da inji ke juyawa, faifai a kansa, madanni a waje. A wannan Golf ɗin akasin haka ne: madannin ne ake ɗaurewa a kiranshaf da noti 6, sannan faifai, sannan filawil ya rufe su da noti 9. Boris ɗin ma ba ya cikin ƙoƙon giyabos da ke rufe kuloci, yana can ƙarshen giyabos ta wajen taya, wata siririyar sanda ce ke bi ta tsakiyar shaf ta tura. Sandar nan tana da ɗan ƙaramin sil, robar da ke tare mai. In ya mutu, man giya zai biyo ta ya jiƙa faifai. Sau da yawa shi ne sanadin sulɓin, sai mutum ya sa sabon faifai ya bar sil ɗin, ba a jima ba ya dawo yana zagin mai kaya. Haka sil ɗin bayan kiranshaf, a duba ko yana yoyon baƙin mai. Notuka 6 ɗin nan kuma sababbi ake sawa, a ɗaure da sifana mai awo, ba da ƙarfin dantse ba.

Mai Golf: Wallahi Oga wannan bayanin ma hujjata ce. Da duk bakanike zai yi wa mai mota irinsa, wa zai so ya kwanta a ƙasa? Ɓoye ilimin ne ya sa muke cewa gara mu yi da kanmu.

Hajiya mai Corolla: Ɗana, ni ban san ƙarfe ba, amma ina da 'ya'ya direbobi. Ƙanen nan naka da za ka sa a ƙarƙashin mota, ɗan wata ne. Kuɗin aiki nawa ne da za a sa ransa a kan bulo? In dai rashin yarda ne, ka je ka tsaya a kan aikin da kanka har a gama.

Ɗan Maraɗi: Hajiya, Allah ya ƙara girma, ba duka ake barinka ka tsaya ba. Kuma mai haya in motarsa ta kwana uku a gareji, gidansa ne ya kwana uku babu cefane.

Direban Hiace: Kafin ma a kai nan, ka duba wayar kulocin? Golf 3 da yawa waya ce da su mai saita kanta, in ta maƙale tana iya riƙe kulocin ya yi sulɓi alhali faifai da sauransa.

Mai Golf: Na canja ta a watan jiya, bai daina ba.

Oga Bakanike: To faifan ne ko mai. In ka ƙi ji sai ka yi, ga sharaɗina. Daɓen siminti, ba ƙasa ba. Ƙafafun ƙarfe biyu masu kauri, a tokare tayoyin baya, a tura tayoyin da ka cire ƙarƙashin motar. Cire kan batir tun farko, ka tsiyaye man giya. Ƙurar tsohon faifai kada ka hura ta da baki, goge ta da jiƙaƙƙen tsumma. Wajen mayarwa ne ake kuka: akwatin ya kai kilo 30 ko fiye, kana ɗauke da shi kana neman haƙoran shaf su shiga na faifai. In faifan bai zauna daidai tsakiya ba, ba zai shiga ba. Kada ka bar nauyin ya rataya a kan shaf, kuma kada ka ce za ka jawo shi da noti. Ƙoƙon na alminiyam ne, tsagewa zai yi.

Mai Golf: Na karɓi maganar bulo, gobe zan nemo ƙafafun ƙarfe, Hajiya ki kwantar da hankalinki. Amma a gida zan yi.

Hajiya mai Corolla: Hankalina bai kwanta ba. Allah ya tsare.

Oga Bakanike: Amin. In ka buɗe, turo min hoton fuskar filawil da cikin ƙoƙon kafin ka wanke komai. In akwai shuɗin tabo ko tsaga, kada ka ɗora sabon faifai a kansa.