Makamin yanka tiredi ya karye mini sau biyu a M16, ina kuskuren?

Ɗan Sharaɗa:
Assalamu alaikum iyayen gida. An kawo mana faranti takwas na sitenles 304, kowanne da rami shida da za a yanka wa tiredi, wato haƙoran da ake murɗa bol a kansu, na M16×2 (faɗi milimita 16, tazarar haƙori milimita 2), kuma ramin ba ya ɓullewa. Taf, wato ƙarfen da ake murɗawa cikin rami ya yanka tiredi, ya karye mana a farantin farko, muka wuni muna fama da guntun, shi ne Maigida ya ce a koma yanka da CNC, injin da kwamfuta ke sarrafawa. Na huda da diril milimita 14. Makamin yankan na kabaid ne mai tsananin tauri, kaurinsa milimita 10, haƙora huɗu. Na sa juyi 2200 a minti da F350 (gudun tafiya milimita 350 a minti), na sauka ƙasan rami na taso da G03 (umarnin zagaya da'ira), a yanka ɗaya. A rami na uku ya yi ƙara ya ɓalle. Na biyu ya kai rami biyar, shi ma ya tafi. Saura ɗaya tal a akwati, Maigida kuwa tun safe bai amsa gaisuwata ba.

Na Kakuri:
Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Juyinka ba laifi, 2200 a makami 10 kusan mita 70 ke nan a minti, ya dace da sitenles. Na kuma gane inda ka samo 350: milimita 0.04 da kowane haƙori ke ci, sau haƙora 4, sau juyi 2200. Lissafin daidai ne, amma na tafiya a miƙe. A cikin rami cibiyar makamin 'yar da'ira mai faɗin 6 take zagawa, wato 16 a cire 10, haƙori kuwa da'irar 16 yake bi. In da cibiya ka rubuta shirin, babu G41 (umarnin da ke sa inji ya lissafa kaurin makami), to 350 ɗin gudun cibiya ne, bakin haƙori ya haura 900. Kowane haƙori yana cin sama da 0.1 maimakon 0.04. Ai ma ya yi ƙoƙari da ya kai rami biyar. Yi 350 sau 6 a raba 16, ka sa F130.

Baba Mai Leda:
Na Kakuri ya gama da lissafi. Yaro, yaya kake shigar da makamin jikin ƙarfen? In kai tsaye kake dannawa, duk layukan haƙora ne ke dukan bango a lokaci guda. Shiga da baka, rubu'in da'ira ko rabi, Z (hawan makamin) na tashi daidai da rabonsa, ka fita haka. Ka raba yankan biyu, na farko ya kwashe mafi yawa. Amma kada tsoro ya sa ka rage gudu har makamin ya koma shafa, 304 in ka shafe shi tauri yake ƙarawa. Ka kuma busa ramin da iska kafin ka shiga, ɓarɓashin diril na kwanciya a ƙasa.

Sarkin Noti:
Ni duk wannan wahala ce. Taf mai murɗaɗɗen baki da mai mai kyau, an gama.

Na Kakuri:
Ranka ya daɗe, wuninsu guda wajen ciro taf. Makamin CNC kuwa bai kai ramin kauri ba, in ya karye da filaya za ka zaro guntun, faranti na nan lafiya.

Ɗan Sharaɗa:
Allah Ya saka da alheri. F130, shiga da baka, yanka biyu: rami goma sha ɗaya, makami na nan garau, ƙarar ma ta lafa. Sai dai geji na auna tiredi yana shiga lafiya, ya cije kusa da ƙasa.

Baba Mai Leda:
Makamin ne ke ɗan lanƙwasa, bakinsa na gudun ƙarfe, sai ƙasan ya fi saman matsewa. Sake zagawa sau ɗaya ba tare da ka ƙara komai ba, ka kuma tura shi cikin mariƙi iya yadda zurfin ya bari. In an kawo M24×2 makamin nan zai yi, tunda tazarar haƙori ɗaya ce, sai dai F ya koma wajen 200.