Motata ta yi hatsari: in ba ƙungiyar agaji ko in sayar wa 'yan gwangwan?

Direban Bronx: Assalamu alaikum. Shawara nake nema kafin Alhamis. A Bronx nake, cikin birnin New York na Amurka. Motata Camry ce 2009. Makon jiya ana zuba ƙanƙara birki ya ƙi ci, na daki bayan wata babbar mota. Gaban ya lotse: bamba, bonet, lagireto, fitila ɗaya, har jakar iskar sitiyari ta fashe. Inji dai yana tashi. Inshorata ta biyan wanda na buga ce kawai, ni ko sisi ba zan samu ba. Bakanike ya ce dala 2,800, ba ni da su, kuma na fita batun gyara. Tana bakin titi, ranar shara sai na roƙi yara mu tura ta ɗaya gefen, in ba haka ba tarar dala 65. Ɗan gwangwan ya taya 400. Wata ƙungiyar agaji kuma ta ce za ta aiko janwe kyauta, ta ba ni rasit na rage haraji. In ba su, ko in karɓi 400 ɗin in kai masallacinmu? Wanda ya taɓa yi nake son ji.

Mai Gareji: Allah ya kiyaye gaba. 2,800 kuma? Yankan kai ne wannan. A je inda ake farke tsoffin motoci a ciro bonet da lagireto, 1,200 ta hau titi.

Direban Bronx: Amin, yallaɓai. Amma ai na ce ba gyara zan yi ba.

Ɗan Zango: Camry ba ta mutuwa, sai dai ta suma. Tura ta Kumasi, wallahi shekara goma za ta ƙara tana tasi.

Hajiyar Ohio: Ƙanena, ni nake cike wa mutane takardun haraji, bari in rage maka wahala. Tun 2005 aka sauya dokar. In ƙungiya ta sayar da motar, abin da za ka rubuta shi ne kuɗin da aka saye ta a gwanjo, su aiko maka fom 1098-C. In ba ta wuce 500 ba, za ka iya sa darajarta ta kasuwa, amma iyakarka 500. Inda gizo ke saƙa shi ne, rasit ɗin ba ya aiki sai ga wanda ke jera kuɗaɗen da ya kashe ɗaya bayan ɗaya. Yawancinmu rangwamen gama-gari muke ɗauka, wanda na 2024 ya kai 14,600 ga gwauro, 29,200 ga ma'aurata. In cikinsu kake, takardar nan ado ce kawai.

Tsohon Ɗan Tasi: Hajiya, haraji ai ƙaramin abu ne. Ku ji nawa. Accord ɗina ce giyabos ya tafi, na ji talla a rediyo, na kira. Da asuba mai janwe ya zo yana ta sauri, wai mota biyar ke jiransa. Ya miƙo biro, na sa hannu a takardar mallaka, wajen sunan mai karɓa ya ce in bari su cike a ofis. Lambobin ma a jikinta ya tafi da su, ban san ana cirewa ba. Washegari na soke inshora, ina jin na yi aikin lada. Ashe a jihar New York sai ka mayar wa DMV, wato ofishin rajistar motoci, lamba tukuna, in ba haka ba dala 8 ce kullum a watan farko, daga nan ta hau. Wata biyu sai ga ambulan suna shigowa: tarar fakin a unguwar da ban taɓa takawa ba, kuɗin gada, har da hoton motata, ga ɗan carbin da na manta yana reto a madubi. Ashe wanda ya ɗauke ta ba ƙungiyar ba ce, kamfanin 'yan tsakiya ne, ya sayar wa wani, shi kuma bai canja suna ba. Na kira su ya fi sau ashirin, kullum waƙa ake sa mini. Kusan 1,100 na biya, aikin kwana huɗu ya tafi a layi. Rasit ɗin da ya zo daga baya? Dala 350. Maiɗakina har yau in mun yi faɗa sai ta ce in je in karɓo ladan Accord.

Ɗan Zango: Alhaji, carbin ma sadaka ne, wataƙila shi ya musuluntar da mai sayen.

Tsohon Ɗan Tasi: Yaro, ba abin dariya ba ne. Hawan jinina daga nan ya soma.

Maman Biyu: Sannu Alhaji, amma gaskiya sakaci ma ya shiga. Mu a Greensboro mun ba wata ƙungiya mai taimakon 'yan gudun hijira tsohuwar Sienna, muka duba sunansu a shafin IRS, wato hukumar haraji ta Amurka, maigida ya rubuta sunansu a takarda da hannunsa, ya kwance lamba, ya ɗau hoto. Ba su sayar ba, gyara ta suka yi suka ba wani magidanci. Ba mu ji ko tari ba. Sai dai tamu tana tafiya.

Tsohon Ɗan Tasi: Sakaci? Hajiya, wanda bai sha zafin rana ba shi ke cewa inuwa ba daɗi. Da asuba ne, kuma Turancin takardar nan ko ɗana sai da ya karanta sau biyu.

Mai Gareji: Ɗari huɗun nan ma raini ne. Tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa kaɗai kuɗi ce. Wata Camry irin wannan 900 na ga an biya.

Ba'are: Ina? Tawa 250 suka ba ni, har suka cire kuɗin janwe. Kai 900 a mafarki ka gani.

Mai Gareji: Taka da ta kwana cikin ambaliya za ka haɗa da wadda injinta ke tashi?

Almajirin Malam: Duk kuna lissafin dala, ba wanda ya taɓo niyya. A duba Baƙara aya ta 267, an hana mutum ya nufi mummunan abin da shi kansa ba zai karɓa ba ya ce shi zai ciyar. Mai neman rabuwa da kaya kar ya kira shi sadaka.

Hajiyar Ohio: Malam, ba talaka za a miƙa wa mushen motar ba, sayarwa ake yi a yi aiki da kuɗin. Fatawar nan ta fi ƙarfinmu, a bar wa limamai.

Almajirin Malam: To ke da ke fatawar haraji, lasisi gare ki?

Hajiyar Ohio: Shekara tara ina yi, ba wanda aka aiko wa wasiƙa.

Na Sabon Gari: Don Allah Yaya, maimakon ku ba Turawa, ku tuna da mu a gida. Masu hatsarin da ake saye a gwanjon Copart ai su muke hawa a nan, 'yan bugun bodi su mai da ta sabuwa.

Ba'are: Kar ka taɓo mini wannan ciwon. Kuɗin jirgi da na kwastan sun ninka kuɗin motar. Ni na tura Corolla ta Kwatano a 2023, tana kan ruwa aka yi juyin mulki a Yamai, aka rufe iyaka. Ta yi watanni a tashar jirgi ina biyan kuɗin ajiya. Da ta isa, ƙanena ya ce ba ta sayu ba, sai ga shi a hoton biki ya jingina da ita, ya sa mata baƙin gilashi.

Tsohon Ɗan Tasi: Kai naka ma ka ga hoto. Ɗan yayata na tura wa Highlander ya sayar ya sa mini bulo a fili, yau shekara uku filin ko tubali babu.

Direban Bronx: Jama'a, gobe Alhamis fa, takwas da rabi mai shara zai zo. Akwai wanda ke kusa ya taya ni turi?

Ɗan Zango: In akwai shayi da ƙosai, ga ni nan. Ba'are, baƙin gilashin nan da kuɗinka aka sa ko da nasa?