Abin da aka tattauna kan hana ruwan sigarin lantarki mai ɗanɗano

Masu tattaunawar sun yarda cewa ɗanɗanon 'ya'yan itace da na alewa ne ke fara jan yara, nikotin kuma ya riƙe su. Inda suka fi daɗewa shi ne yadda ake rubuta dokar, don nan ake yin tuntuɓe.

A 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta hana ɗanɗano a sigarin lantarkin da ake sauya wa kwanson ruwa, ban da na taba da mentol. Ba ta haɗa da na sha-ka-yar ba, sai matasa suka koma can. Saboda haka ya kamata doka ta shafi kowane iri. Kada kuma a tsaya kan sunan ɗanɗano, domin kamfani zai sauya suna ko ya zuba sinadarin sanyaya maƙogwaro. Gara a jera sinadaran da aka halatta kaɗai, kamar yadda Holan ta yi, inda tun 2024 ɗanɗanon taba kawai ake sayarwa.

Kan manya masu barin taba an saɓa: wasu na tsoron su koma shan taba idan aka hana ɗanɗanon. Shawarata, a tanadar musu cingam da filastar nikotin, a kuma tsananta duba shekarun mai saye, musamman a intanet.