Wai Ibn Sina ne uban ilimin duwatsu, Turawa suka ƙwace?

Baban Zara: Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya wani malami ya faɗi maganar da ta hana ni barci. Ya ce abin da ake koya wa yaranmu a jami'a kan yadda duwatsu ke samuwa, Ibn Sina ya rubuta shi shekara 700 kafin a haifi James Hutton, Baturen da suke kira uban fannin. Fassarawa suka yi, suka kankare sunansa. Ni kam na yarda. Tarurrukan nan da malaman duniya ke yi da sunan nazarin tarihin kimiyya ma, a ganina taron wanke ɓarawo ne.

Malam Mai Alli: Wa alaikumus salam. Alhaji, akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma gishirin ya yi yawa. A cikin littafin Ibn Sina, Kitabus Shifa, akwai babi kan duwatsu da ma'adinai, wannan babu ja. Wajen shekarar 1200 wani ɗan Ingila, Alfred na Sareshel, ya mayar da babin zuwa Latin, aka liƙa shi a ƙarshen littafin yanayin sama na Aristotal, masanin falsafar Girka, har masu karatu da yawa suka ɗauka na Aristotal ne. To wa ya warware? A 1927 wasu Turawa biyu, Holmyard da Mandeville, suka ajiye nassin Larabcin kusa da na Latin, aka buga a Paris, kowa ya gani. Ni ban taɓa ganin ɓarawon da ya dawo da kaya har gida, ya haɗo da rasit ba.

Baban Zara: Bayan shekara 700 fa, Malam! Ai mai kayan ya daɗe da komawa ga Allah.

Injiniya: Ni duk ku biyun ban tare da ku. Ibn Sina likita ne kuma masanin falsafa, tunani ya yi a zaune. Ilimin duwatsu ya fara ne ranar da mutum ya ɗauki guduma ya fita daji. A 1788 Hutton ya shiga kwalekwale da abokansa biyu suka je Siccar Point a gaɓar Sikotlan, ya nuna musu duwatsun da suka miƙe tsaye a ƙasa, ga jajayen duwatsu kwance a kansu, ya ce kafin wannan ya faru sai an share zamani mai tsawon da hankali ba ya kamawa. William Smith ya yi shekaru yana bin ramukan kwal da hanyoyin ruwa da ake haƙawa kafin ya fitar da taswirarsa a 1815. Wannan shi ne aiki. Mu daina jawo wa kanmu abin da ba namu ba.

Maman Haidar: Injiniya, don Allah ka karanta babin kuwa, ko ji ka yi? Mutumin da ka ce a zaune yake ya rubuta cewa yana yaro ya ga wani yumɓu a bakin kogin Jaihun wanda mutane ke wanke kai da shi, da ya dawo bayan kimanin shekara 23 ya tarar ya zama dutse mai taushi. Ya kawo labarin ƙarfen da ya faɗo daga sama a Juzjan, aka so a ƙera wa Sarki Mahmud na Gazna takobi da shi, maƙera suka kasa. Ya ce wasu tsaunukan girgizar ƙasa ce ke ɗaga su, wasu kuma ruwa da iska ne ke zaizaye abin da ke kewaye da su su bar su tsaye. Ya kuma ce teku kan hau tudu ta janye, kowane zuwa ta bar shimfiɗa a kan ta baya. Idan wannan zama ne, to Allah ya ba mu irinsa.

Baban Zara: Yauwa Hajiya! Allah ya yi miki albarka. Magana ta ƙare ke nan.

Maman Haidar: Ba ta ƙare ba, Yaya, kada ka yi saurin sa mini albarka. Lura daban, kafa fanni daban. Ibn Sina bai zana taswirar duwatsu ba, bai bar almajiran da suka ci gaba da auna tsaunuka ba. Kuma in dai "wa ya fara faɗa" ne ma'auni, Bagirike Zenofanis ya yi maganar ƙumbar teku a cikin duwatsun tudu wajen shekara 500 kafin Annabi Isa, alaihis salam.

Malam Mai Alli: Nan gizo ke saƙar. Ku ƙara da Biruni, malamin Musulmi da ya yi zamani da Ibn Sina. Ya lura cewa a filayen Indiya duwatsun da ake tonowa kusa da tsaunuka manya ne, in aka yi nisa su ƙanƙance, kusa da teku su zama yashi, ya ce ƙasar nan da teku ce, koguna suka cike ta. A Sin kuma Shen Kuo ya rubuta a 1088 cewa ya ga layin ƙumba a jikin tsaunin Taihang, nesa ƙwarai da teku. Yawancin masu karatu a Turai sun san wannan ne ta aikin da Joseph Needham na Kambirij ya yi tare da Wang Ling, juzu'in da ya fito a 1959. Shi kuwa Steno, wanda aka jingina wa ƙa'idar cewa shimfiɗar ƙasa ta girmi ta sama, ɗan Denmak ne, a Italiya ya yi aikin, da Latin ya rubuta a 1669. Ku gaya mini mutum ɗaya da ke karanta Larabci da Latin da Girkanci da Sinanci, ya kuma iya bambance dutsen wuta da dutsen yashi. Babu. Dalilin kafa INHIGEO ke nan, hukumar duniya ta tarihin ilimin duwatsu. An kawo shawarar a babban taron masana duwatsu na New Delhi a 1964, aka kafa ta a birnin Yerevan a 1967, shugabanta na farko Tikhomirov ɗan Tarayyar Sobiyet. Ana tsakiyar yaƙin cacar baka, amma malaman gabas da na yamma suka zauna teburi ɗaya.

Injiniya: Malam, Rashawan nan su ma neman a ce nasu ne suka fara suke yi. Kowa labarin garinsa yake kaiwa taro.

Malam Mai Alli: Ban musa ba. Amma in ka kai a gaban wanda ya iya karanta takardar da kake kafa hujja da ita, dole ka rage ƙarya. A gida kai kaɗai, wa zai tsayar da kai?

Baban Zara: To me ya sa a littafin ɗana na makaranta babu sunan Ibn Sina ko sau ɗaya?

Maman Haidar: A nan ina bayanka. Abin mamaki, Charles Lyell, babban masanin duwatsu na Birtaniya, da kansa ya ambaci Ibn Sina a shafukan tarihi na littafinsa na 1830. Masu taƙaita littattafan makaranta ne suka yar da shi daga baya, namu kuma suka kwafa ba tambaya.

Ɗan Riruwai: Iyayena, ku yi mini afuwa in sa baki. Tun ɗazu kuna Bukhara, ƙasar su Ibn Sina, da Sikotlan, ga abu a ƙofar gida. Mutanenmu na Riruwai suna wanke kuza suna narka ta, suna zuba ta siraran sanduna ana kaiwa kasuwa, tun kafin Bature ya taka Filato. A kasuwa Turawan kamfanin Neja suka fara ganinta, suka bi sawu. Binciken ma'adinai na Arewa ya soma a 1904, littafin Falconer kan duwatsun Arewacin Najeriya ya fito a 1911, hukumar binciken ƙasa aka kafa ta a 1919. Duk waɗannan suna da shekara da suna. Wanda ya san wane rafi ke da kuza, wace baƙar ƙasa ce ta gaske, shi fa? Ibn Sina ya bar rubutu, shi ya sa aka iya dawo masa da haƙƙinsa. Kakannina ba su bari ba.

Injiniya: Sana'a ce wannan, ƙanena, ba kimiyya ba.

Ɗan Riruwai: Smith ɗin da ka yaba ɗazu, Yallaɓai, ai ɗan maƙeri ne mai awon fili, bai shiga jami'a ba.

Malam Mai Alli: Ya kama ka, Injiniya. Ɗan Riruwai, akwai sauran dattawan da suka ji daga bakin masu narkawar?

Ɗan Riruwai: Akwai ƙanin kakana, ya haura 90, kunnensa ya yi nauyi amma kansa garau. In na je gida da sallah zan ɗauke shi a waya.

Maman Haidar: Kada ka jira sallah. Ka tambaye shi sunayen ƙasa iri-iri da suke da su, da yadda ake gina murhun, da gawayin wace bishiya suke so.

Baban Zara: Ni dai har yanzu ina kan bakana, an yi mana ƙwace. Amma kuɗin motar Riruwai a kaina, turo lambar asusunka ta bayan fage.