Wa ke da ikon ganin takardun wanda aka kai gidan gyaran hali?

Mai tambaya, daga Argungu:
Assalamu alaikum. Makonni uku ke nan da kotu ta ba da umarnin tsare ƙanena har zuwa zama na gaba. Na kai masa abinci da maganin hawan jini, na roƙi jami'in da ke bakin ƙofa ya nuna mini takardar da aka karɓe shi da ita, ya ce ba ni da hurumi. Mahaifiyarmu kullum tambayarta ranar da za a koma kotu. Shin doka ta ba iyali damar ganin waɗannan bayanai?

Amsa ta farko, daga Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kawo mafita. Ba a karɓar kowa a gidan gyaran hali sai da umarnin kotu a rubuce, kuma Dokar Hukumar Gyaran Hali ta 2019 ta wajabta a rubuta laifin da ake tuhumarsa da shi, da tarihinsa, a ɗauki zanen yatsunsa. Sai dai wannan fayil ba na kowa ba ne, domin sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki da Dokar Kare Bayanai ta 2023 sun kare sirrin mutum ko yana tsare. Ranar zama kuwa ba sirri ba ce, ka je wurin magatakardan kotun da ta tsare shi da lambar shari'ar, zai faɗa maka.

Amsa ta biyu, daga Gusau:
Yallaɓai, ina ƙara cewa ƙa'idojin Mandela na kula da waɗanda ke tsare, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, sun ba wanda ke tsare damar ganin bayanansa da kuma sanar da iyalinsa inda yake. Saboda haka ƙanenka ne zai nema, ko lauyansa. Abin da ya fi damuna shi ne maganin nan: ka tabbatar an rubuta ciwonsa a asibitin gidan, domin idan ba a rubuta ba, ranar da aka sauya masa gida bayanin ba zai bi shi ba. Idan kuɗin lauya ya gagara, ku nemi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a, kyauta suke yi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ranar Litinin in sha Allahu zan fara da magatakarda.